Gizo-gizo mai murfin rami da wutar da ake sa wa dajin tingle

Bakatsine a Perth:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ake ta ja-in-ja a kanta a nan yammacin Ostireliya, na ga ya dace in kawo ta tunda muna da ma'aikatan gandun daji da malaman kimiyya a cikinmu. Can kudu, kusa da garin Walpole, kilomita 400 da ɗoriya daga Perth, akwai wani kurmi da ake kira dajin tingle. Tingle ɗin dangin bishiyar turare ce, irin wadda aka jera mana a gefen tituna a gida, sai dai ita wannan ƙatuwa ce. Jar tingle takan kai mita 70 a tsawo, takan haura shekara 400, kuma duk duniya nan kaɗai take fitowa, a fili da bai wuce hekta 6,000 ba. A jikin ɓawonta da cikin ƙasar gindinta akwai wani ɗan gizo-gizo da ake kira Bertmainius tingle, bai kai santimita ɗaya ba. Ba ya saƙa yana. Ɗan rami yake yi, ya shafe cikinsa da zare, ya yi masa murfi, ya zauna a ciki. Hukumar da ke kula da dajin takan sa masa wuta da gangan lokaci zuwa lokaci don a rage busassun ganye da ƙirare. Ni a ganina wannan dajin bai kamata a riƙa ƙona shi haka ba, kuma gizon nan yana cikin manyan dalilaina.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Murfi kuma? Kamar yaya gizo-gizo zai yi murfi?

Bakatsine a Perth:
Murfi sosai, Auta. Yakan haɗa zarensa da ɓurɓushin ɓawo da gansakuka ya yi ɗan faifai, ya ɗaure gefe ɗaya da zare yadda zai riƙa buɗewa yana rufewa. Girman murfin bai wuce ƙwayar masara ba. Idan ya rufe, ko ka ƙura ido ba za ka bambanta shi da jikin bishiyar ba. Na wannan ɗan ƙaramin sai ƙwararre ne ke iya nuna maka. Amma na ga na wani babban danginsa a tsaunukan gabashin Perth, lokacin da malaminmu ya fita da mu. Ya tsuguna ya nuna mana wuri a jikin gaɓar hanya, mu dai ƙasa muke gani da ganye. Da ya sa tsinke ya ɗaga a hankali, sai ga rami zagayayye, cikinsa fari fat da zare, sumul, bakin murfin ya zauna daram a bakin ramin ba ko 'yar kafa. Yana saki ya koma ya rufe.

Malama Bayoloji:
Bari in ƙara a kan wannan. Dare ne lokacin farautarsu. Gizon yakan ɗan ɗaga murfin, ya ajiye ƙafafunsa na gaba a bakin ramin ya yi shiru. Idonsa ba wani ƙarfi ne da shi ba, girgizar tafiyar ƙwaro yake ji ta jikin zaren da gashin ƙafarsa. Tururuwa ko ɗan buzuzu na giftawa sai ya fizgo shi ciki, murfi ya rufe. Haƙoransu ma ba irin na gizon ɗaki ba ne masu haɗuwa daga gefe da gefe, nasu ƙasa suke sara. Wani abin lura kuma, huhunsu huɗu ne, kuma jikinsu na saurin bushewa. Shi ya sa murfin ba don ɓuya kawai ba ne, yana riƙe damshin cikin ramin.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin tayar da hankali ba. Wuta ta zo, ƙwaro ya gudu, wuta ta mutu, ya dawo. Haka muka saba gani. Ɓera da zomo da maciji duk fita suke.

Malama Bayoloji:
Ai nan ne gizon nan ya sha bamban da su, Malam. Ba ya gudu, kuma in ya mutu ba mai zuwa daga wani wuri ya maye gurbinsa da sauri. Ta macen, ramin da ta haƙa tun tana ƙarama shi ne gidanta har ta mutu, tana girma tana faɗaɗa shi. Namijin ne kawai ke fita idan ya balaga, ya je neman mace, daga nan kuma ba ya daɗewa. 'Ya'yan gizon da muka sani sukan saki zare iska ta kwashe su ta kai su nesa. Waɗannan da ƙafa suke fita, su yi 'yar tafiya kaɗan daga ramin uwarsu su haƙa nasu. To idan wuta ta cinye wani yanki gaba ɗaya, daga ina sababbi za su zo?

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ɗana Bakatsine, na yi aikin daji shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma zan gaya maka abin da ido ya gani. Dajin da ba ka ƙona shi da hannunka ba, wata rana zai ƙone da kansa, a ranar da ba ka zaɓa ba, da iskar da ba ka zaɓa ba. Mu da kanmu muna sa wutar farkon kaka, ciyawa na da sauran ɗanye, don kada ta watan Fabrairu ta zo ta kashe manyan itatuwa. Wutar da aka shirya mata tafiya take a ƙasa a hankali. Wadda ta zo da kanta sama take hawa. Waɗannan mutanen ba don ƙeta suke yi ba.

Bakatsine a Perth:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ce ƙeta ba ce, kuma suna da tarihin da ya kai su ga haka. A watan Janairun 1961 wutar daji ta afka wa garin Dwellingup a wannan jihar, ta cinye gidaje sama da 100. Bayan binciken da aka yi ne suka rungumi ƙona daji da gangan a matsayin babbar garkuwa, har suka fara jefa wutar daga jirgin sama. Yanzu burinsu a shekara shi ne wajen hekta 200,000 a kudu maso yammacin jihar. A busassun dazuzzuka na kusa da garuruwa ban da ja. Inda nake da ja shi ne a ɗauki tsarin da aka gina don busasshen daji a ɗora wa kurmi mai damshi. Dajin tingle na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara. Saboda damshin nan ba ya ma kamawa sai ya bushe sosai, wato wutar da ake cewa mai sanyi ce ba lallai ta zo da sanyi ba.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
To ai gizon a rami yake. Ƙasa ba ta ɗaukar zafi da sauri. Na sha tona ƙasa bayan wuta ta wuce, taƙi ɗaya a ƙasa sanyi ƙalau.

Bakatsine a Perth:
Gaskiya ne Baba, ga masu rami mai zurfi. Akwai manyan da ke haƙa taƙi biyu ko fiye, su wuta kan wuce ta kansu. Shi wannan ɗan tingle ramin nasa 'yan santimita ne kawai, da yawa kuma a cikin ɓawon bishiya yake. Ɓawon tingle kuwa kauri ne da shi, zare-zare, ja-ja, idan ka taɓa ɓangaren da rana ba ta bugu za ka ji shi da laima, gansakuka ta lulluɓe shi. A nan ƙasar ɓangaren kudu ne mai inuwa, ba arewa ba. Wuta na zuwa wannan ɓawon take fara lasa. Kuma ko wanda ya tsira, ya fito ya tarar ba ganyen da ke riƙe laima, ba gansakukar da zai gyara murfi, ƙananan ƙwarin da yake ci sun ƙone, rana na dukan wurin kai tsaye.

Akwai kuma matsalar ita kanta bishiyar. Tsofaffin tingle yawancinsu gindinsu kogo ne, wutar baya da ruɓa sun rarake su. Na shiga cikin ɗaya a wurin da ake kira Kwarin Ƙattai, inda aka yi gadar sama mai tsayin mita 40 a 1996 don mutane su daina tattaka saiwoyin. Mutane da yawa za su tsaya a cikin kogon su sake, bangonsa baƙi ƙirin da gawayi, ka ɗaga kai ka ga bishiyar na nan da ranta, kore shar a sama. Abin da ke riƙe da wannan nauyin duka shi ne ɗan sauran itacen da ke zagaye. Duk wutar da ta sake shiga kogon ta ɗan ƙara ci, har ranar da zai kasa. In ta faɗi, shekara ɗaruruwa ne suka faɗi, da duk abin da ke zaune a jikinta.

Maman Khalifa:
Allah sarki. Ni tambayata, yana cizo? Na ji ana cewa gizo-gizon Ostireliya na kisa.

Malama Bayoloji:
Wanda kike ji Hajiya na wajen Sydney ne, can gabas, danginsu ɗaya daga nesa amma ba shi da murfi. Shi ma tun da aka samar da maganin dafinsa a 1981 ba a sake samun wanda ya kashe ba. Yawancin masu murfi ba su da wannan haɗarin, balle wannan da bai kai farcen yaro ba kuma ba ya fitowa.

Ɗan Maraɗi:
Har yanzu dai ƙwaro ne. Shekara nawa ma yake yi a duniya? Damina ɗaya?

Malama Bayoloji:
Wannan tambayar ta kawo mu kan labarin da nake so ɗalibaina su sani. Matar da ta fara bayyana gizon tingle ga masana a 1991 sunanta Barbara York Main. A gonar alkama ta tashi, kusa da garin Tammin, gabas da Perth. A 1974 ta fara bin wani nau'in mai murfi, Gaius villosus, a ɗan ragowar daji da ake kira North Bungulla, wanda gonaki suka kewaye. Duk ramin da ta samu sai ta kafa masa ɗan turke mai lamba, ta riƙa dawowa tana dubawa. Ɗaya daga cikin jariran da ta sa wa alama a farkon aikin ita ce Lamba 16. Wannan gizon ta zauna a rami ɗaya har 2016. An ƙiyasta ta yi shekara 43. Kafin ita, mafi daɗewar gizon da aka sani shekara 28 ya yi. Kuma ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ɗalibar da ta gaji aikin, Leanda Mason, ita ta tarar an huda murfin, alamar wani dangin zanzaro ya shiga.

Ba nau'insu ɗaya da na tingle ba, kada a ce na ce ɗan ƙaramin ma yana kai 43. Abin da labarin ya nuna shi ne yadda rayuwar masu murfi take: jinkirin girma, shekaru kafin a fara haihuwa, da 'yan tsirarun tsofaffin mata waɗanda su ne ke riƙe da zuriyar wurin. Ka kashe waɗannan, ka kashe shekaru masu yawa na gaba.

Auta:
Zanzaro dai wanda muka sani, mai gini da laka a bango?

Malama Bayoloji:
Danginsa ne. Ka fasa gidan zanzaron bango wata rana ka duba, wani za ka tarar da tsutsotsi, wani kuma ƙananan gizo-gizo a cushe, ba su mutu ba, ya harbe su ne sun sandare don ɗansa ya samu ɗanyen abinci in ya ƙyanƙyashe. Na can ba ya ɗaukar gizon zuwa ko'ina, a cikin raminsa yake harbinsa ya sa masa ƙwai.

Maman Khalifa:
Subhanallah. Wajen shekara 40 mace tana zuwa duba ramin gizo. Ni wannan haƙurin nata ne ya fi taɓa ni. Kuma maganar wuta ta tuna min hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga gidan tururuwa da aka ƙona ya nuna rashin yardarsa, ya ce azaba da wuta ba ta dace da kowa ba sai Ubangijin wuta. In an hana a kan tururuwa, ai bai kamata mu ce don ƙwaro ne ba komai.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
Hajiya, hadisi gaskiya ne, kuma na yarda ba a raina halitta. Amma wanda ya sa wuta don kare gari da rayuka ba tururuwa ya nufa ba. Ina so ku dubi ɗaya ɓangaren. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 duk mun ga abin da ya faru a Ostireliya a talabijin. Tsibirin Kangaroo kusan rabinsa ya ƙone. Wannan ba wutar hukuma ba ce. Ku gaya min, gizon da ke wurin ya ji daɗi?

Bakatsine a Perth:
Bai ji ba, Baba, kuma misalin da ka kawo ya fi yadda kake zato dacewa. A wannan tsibirin akwai ɗan uwan na tingle, Moggridgea rainbowi, shi ma ɗan ƙarami mai murfi, a gaɓar ƙoramu yake zama, kuma wutar ta cinye wani babban ɓangare na wurin zamansa. Wani abin mamaki game da shi, binciken ƙwayoyin gado da Sophie Harrison da abokan aikinta suka fitar a 2017 ya nuna danginsa na kusa duk a Afirka suke, kuma rabuwarsu ta zo ne bayan nahiyoyin sun daɗe da rabuwa. Bayanin da ya fi zama shi ne kakanninsa sun ƙetare Tekun Indiya, wajen kilomita 10,000, a cikin raminsu, a kan wani dunƙulen ƙasa da itace da ruwa ya kwaso. Na tingle ma da farko a wannan gidan na Moggridgea aka sa shi, sai a 2015 aka ga nasa reshen daban ne, tsohon ɗan ƙasa ne tun zamanin da Ostireliya ke da damshi ko'ina, aka ba reshen sunan Bertmainius don girmama Bert Main, mijin Barbara, wanda shi ma masanin dabbobi ne.

Amma in dawo kan tambayarka. Ba wanda ke son gobarar daji. Tambayar ita ce ko ƙona tingle da gangan yana rage ta. Akwai wani masani, Philip Zylstra, da shi da abokansa suka fitar da bincike a 2022 da 2023 kan dazuzzukan nan. Abin da suka ce shi ne, wuta ce ke tayar da irin ƙananan itatuwan da ke kwance a ƙasa, bayan 'yan shekaru sai su fito a cunkushe, tsayin mutum ko fiye, kuma wannan cunkoson shi ne tsanin da ke kai harshen wuta sama. In aka bar dajin ya yi shekaru da dama ba wuta, ƙananan nan sukan mutu da kansu, waɗanda suka rage su yi tsawo, ƙasan ya buɗe, inuwa ta riƙe laima ta kuma rage iska. Wato tsohon dajin da ba a taɓa ba ya fi wuyar ci.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
Su ma'aikatan hukumar sun yarda da shi?

Bakatsine a Perth:
Ba su yarda ba. Masanansu sun rubuta martani, sun ce hanyar lissafinsa na da rauni, kuma busasshen ganye na ci gaba da taruwa ko ƙasan ya buɗe. Har yanzu ana musayar rubuce-rubuce.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
To ka gani. Kuma ko da maganarsa ta tabbata, akwai shekarun tsakiya. Dajin da aka riga aka ƙona yana cikin cunkoson nan yanzu. Wa zai ɗauki alhakin jiran shekara 30 ko 40 kafin ya buɗe, alhali akwai gari a gefe? Wanda ke rubuta takarda ba shi ake kira da tsakar dare ba in wuta ta tashi.

Ɗan Maraɗi:
Nan kam ina bayan Baba.

Malama Bayoloji:
Maganar Baba na da nauyi, ba zan kauce mata ba. Sai dai mu duba girman abin da ake magana a kai. Hekta 6,000 ne, a yankin da ake burin ƙona 200,000 duk shekara. Ba cewa aka yi a daina ƙona ko'ina ba. Ana iya tsananta kariya a bakin gari, a ƙona busasshen dajin da ke kewaye, a zuba kuɗi wajen gano wuta da wuri da kashe ta tun tana ƙarama, a bar cibiyar kurmin. Ga kuma wani abin da ke ƙara matsa lamba: ruwan saman kudu maso yammacin Ostireliya ya ragu sosai tun daga shekarun 1970. Halittar da ta dogara da laima tana cikin ƙunci tun kafin a kawo ashana. Ita kanta gwamnatinsu ta sa gizon nan a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Ba daidai ba ne hannu ɗaya ya rubuta sunansa a jerin, ɗaya hannun ya jefa wuta a gidansa daga jirgi.

Auta:
Me zai hana a kwashe su a kai wani wuri kafin a sa wutar?

Malama Bayoloji:
Kafin ka kwashe sai ka gani, kuma ka ji yadda murfin yake. Sannan babbar mace in aka raba ta da raminta da wuya ta iya haƙa sabo, yawanci mutuwa take. Abin da ya fi sauƙi shi ne a san bishiyoyi da gaɓoɓin da suke, a bar su inda suke.

Bakatsine a Perth:
Jihar ta daina sare dazuzzukanta na asali don kasuwanci tun farkon 2024. Da can ana cewa hakan ba zai taɓa yiwuwa ba. Shi ya sa nake ganin wannan ma ana iya sake duba shi.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
Sare itace daban, wuta daban, ɗana. Gatari in ka ajiye shi ya ajiyu. Ga inda na tsaya. Ban yarda a ce kada wuta ta sake shiga dajin nan har abada ba, don ban ga wanda zai iya cika wannan alkawarin ba. Amma na yarda jefa ta daga sama a irin wannan wuri ganganci ne. Da ni ne mai sa hannu, sai an fara zagayawa da masu sanin gizon an yi taswirar inda yake, a fitar da waɗannan wuraren daga shirin gaba ɗaya. Sauran kuma a share ganye da ƙirare daga gindin kowace tsohuwar bishiya da manjagara, a sa wutar da hannu, ƙanƙanin fili bayan ƙanƙanin fili, ma'aikata na tsaye da ruwa. Zai ci kuɗi da ma'aikata ninkin ba ninkin, kuma na san yadda ake yi da kasafin ma'aikatar daji a ko'ina.

Bakatsine a Perth:
Baba, share gindin zai taimaki bishiyar, amma a tuna wasu ramukan a cikin ƙasar gindin suke. Manjagara ma na iya tone su.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:
Shi ya sa na ce taswira tukuna. Inda aka ga rami, ba manjagara ba wuta. Ka tambayar min malaminku mutum nawa ne a jihar za su iya gane murfin nan da ido, don yawansu ne zai nuna ko shirin nawa zai yiwu a hekta 6,000.

Bakatsine a Perth:
Zan tambaye shi ranar Litinin in sha Allah, in kawo amsar nan.